Tsohon da Ya Yi Kiwon Motar Ɗansa

Ranar Lahadi, tara ga watan Rajab na shekarar 1445, daidai da 21 ga Janairu, 2024, bayan sallar Azahar, ana tsaka da ruwan sama, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin mijina, Amak Sahdan, wato Baban Sahdan, a asibitin Selong. Daga Allah muka fito, ga shi kuma ya riga mu komawa gare Shi. An binne shi washegari da hantsi a maƙabartar ƙauyenmu da ke gefen Masbagik, ƙasa a jiƙe, masu haƙa kabari suna kwashe ruwa da kwano. Jiya muka yi addu'ar kwana tara. Baƙi sun watse, an mayar wa maƙwabta tukwanensu da tabarminsu, gidan ya koma shiru irin wanda ban taɓa jin kamarsa ba.

Amak, ni ba marubuciya ba ce. Abin da na sani shi ne ƙananan littattafan soyayyar nan da kake ganina da su kullum, kana cewa wata rana sai na faɗa rijiya ina karatu. Na karanta masu yawa, amma ban taɓa samun irinka a cikinsu ba. Babu wanda ya rubuta labarin tsoho mai keken doki da ya wayi gari yana kiwon motar da bai iya tuƙa ta ba. Shi ya sa na zauna yau na ce bari in rubuta, ko da hannuna bai saba ba.

Mutanen kasuwar Masbagik sun san ka tun kafin a haife ni. Kai ne mai cidomo, keken dokin nan mai shuɗin rufi, da kake ɗauko mata da kwandunan barkono da tumatir daga ƙauyuka tun duhun asuba. Sun san goɗiyarka Manis, wadda suke cewa ta fi wasu 'ya'yan mutane samun wanka. Da ɗanka na fari, Sahdan, wanda ake kiranka da sunansa, ya dawo daga aikin gonakin kwakwar manja na Malesiya karo na farko, sai ya ce shi ya gaji da zaman ƙasar mutane. Ya samo wata tsohuwar mota koriya mai kujera takwas, ya ce da ita zai riƙa kai fasinja tashar jirgin ruwa, ya ci abinci a gidansu, ya kwana a gidansu. Abin da ya tara bai kai ba. Ba ka yi shawara da kowa ba ka ja Manis ka kai ta kasuwar dabbobi, ka dawo a ƙafa da linzami a kafaɗa. Inak, wato Inna matarka, ta ba ni labarin cewa ranar ka rataye linzamin a bayan ƙofa, kuma har yau yana nan.

A motar nan aka kawo ni gidanku. Watanni kaɗan bayan bikinmu, aikin fasinja bai kankama ba, rufin ɗakin Inak yana yoyo, gonar taba ta yi asara. Kak Sahdan, wato Yaya Sahdan kamar yadda nake kiran mijina, ya ce zai koma Malesiya sau ɗaya tak, na ƙarshe. Ranar tafiyarsa ya miƙa maka makulli yana sosa ƙeya.

"Amak, ga shi nan dai. Amma ai ba ka iya tuƙi ba."

Ka karɓa ka ɗaure shi a bakin zanenka, ka ce, "Ban iya tuƙi ba, amma na iya kiwo. Je ka. Za ka same ta da ranta."

Daga ranar ba ka taɓa kiranta mota ba. Goɗiya kake ce mata.

Kowace safiya in ka dawo daga sallar Asuba, kafin ka sa komai a bakinka, sai ka nufi rumfar kwanon da ka yi mata. Ka yaye mata tamfol, ka bubbuga murfin inji da tafin hannu domin magen maƙwabta ta fito, don takan kwana a ciki in ana sanyi. Ka zaro sandar gwada baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka ɗaga ta sama kana kanne ido, sannan ka murza man tsakanin yatsunka. Ka leƙa ruwan lagireto, kuma ka sha gaya mini kada in kuskura in buɗe shi inji na da zafi. In kan batir ya yi farin gari, sai ka aike ni kicin in kawo ruwan zafi ka wanke, ka shafa masa ɗan giris. Tayoyi kuwa, durƙusawa kake yi ka bi kowace da hannu tun daga sama har ƙasa, yadda kake bin ƙafafun Manis, kana ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale da ƙarfen da kake share mata kofato. Ka cusa kafur a tsofaffin safa ka ɗaɗɗaure a cikin inji saboda ɓeraye kada su ci waya. Ka ɗage robar share gilashi kada ta manne. Ba ka yarda tanki ya yi ƙasa da rabi, ka ce tankin da ba kowa a ciki gumi yake yi ya tara ruwa. Bayan duk wannan sai ka shiga, ka yi bismillah, ka murza makulli, ka bar ta tana ɗumi a tsaye, kai kuma ka zauna a bakin rumfar katako ta tsakar gida kana kurɓar kofi kana saurarenta. Duk mai mota a garinmu haka yake ɗumama motarsa da safe, amma babu mai yi da irin natsuwarka. Matan layinmu da ƙarar injin nan suke sanin lokacin ɗora shinkafa.

Inak takan leƙo daga kicin ta ce, "Tsoho, da ka kula da ni rabin yadda kake kula da ƙarfen nan, da har yanzu ba ni da furfura ko ɗaya."

Kai kuma ka ce, "Ke ai kina da baki. Ƙaya in ta soke ki, sai an ji a Selong. Wannan ba ta da bakin faɗa, sai an duba."

Ba zan ɓoye maka ba, Amak, a watannin farko kewa ta kusa cinye ni. Amarya ce ni a gidan da ban saba ba, mijina ya tafi kafin in gama sanin abin da yake so a miya. Sa'o'ina duk an daina kiransu da sunan yanka, an koma kiransu da sunan 'ya'yansu, ni kuwa ina nan Haerani. Kuma na san matan ƙauyenmu da mazansu suka tafi kamar yadda nawa ya tafi. Da farko waya kullum, daga baya mako-mako, daga baya sai Sallah, daga nan sai a ji labari a bakin wani da ya dawo. Nakan ɓuya bayan kicin da littafina, in karanta labarin wasu da rabuwarsu ba ta wuce shafi goma.

Wata safiya ka same ni a can. Ba ka tambaye ni abin da ya sa idona ya yi ja ba. Cewa ka yi, "Rani, tashi ki taimake ni. Kujerun goɗiyar nan sun fara funfuna saboda ba mai zama. Ki riƙa zuwa kina karatunki a ciki, ki sauke gilasai iska ta shiga."

Na san ba don kujeru ka faɗa ba. Cikin motar akwai sauran ƙamshin sigarinsa mai kanumfari, ga hularsa a aljihun gaba, ga kujerar direba a ja baya daidai tsawon ƙafafunsa. Nan ya zama ɗakin karatuna. Inji yana ɗumi, gari yana wayewa a kan dutsen Rinjani, ni ina ciki da littafi, kai kana waje da kofi, ba mai ce wa wani komai. Ban taɓa zama da mutum shiru na ji daɗin zaman ba sai da kai.

Ranar Juma'a da sassafe Kak Sahdan yake kira. In ya gama da ni da Inak, sai a miƙa maka. Ku biyu ba ku iya hira ba. "Lafiya?" "Lafiya." "Kana cin abinci?" "Ina ci." Shi ke nan magana ta ƙare. Sai ka tashi ka je ka kara wayar a jikin inji, ka riƙe ta can, sannan ka mayar kunnenka.

"Ka ji ta?"

"Na ji. Amak, kamar fanbel ya fara ɗan kuka."

"Kunnenka da kyau. Ni ma na ji tun shekaranjiya."

Daga nan kuma sai hira ta ɓarke, ku yi ta magana a kan robobi da kusoshi har katinsa ya kusa ƙarewa. Ina daga kujerata ina jinku, a hankali na gane abin da kake yi. Mutumin da ke tambayar fanbel ɗin motarsa daga wata ƙasa bai yanke ƙauna da dawowa ba. Na riƙe wannan a raina. Na ce muddin yana tambayar motar, yana nan tafe. Ranar da ya daina tambaya, to, na shiga sahun matan nan.

Ana nan, bayan ya shekara da tafiya, ka kira Saparwadi makanike ya zo gida ya sauya baƙin mai. Kana sauya shi a kan kari ko motar ba ta je ko'ina ba, ka ce mai ma tsufa yake yi. Da ya gama sai ya ce bari ya ɗan ja ta baya ya share ƙasa. Ya sa giya, mota ta ƙi motsi. Ya ƙara taka totur, sai muka ji wani abu ya ce ƙwas, ta zabura, tana tafe tana ɗingishi. Ya sauko ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito yana karkaɗe hannu.

"Amak, injin nan kam ko sabo albarka. Amma ƙafafunta sun kusa mutuwa. Birki ya kama da tsatsa, tayoyi sun kwanta ta gefe guda, salansa cike da ruwa. Ɗumi a tsaye bai isa ba. Mota tafiya take so, ko da zagayen ƙauye ne, ta yi zafi sosai, tayoyi su juya."

Ban taɓa ganin fuskarka kamar ranar ba. Abincin rana ya huce a gabanka. Can na ji kana ce wa Inak, murya ƙasa-ƙasa, "Ni da na ƙare rayuwata da doki. Na ɗaure dabba a turke shekara guda, ina ba ta ci ina ba ta sha, ban taɓa zagayawa da ita ba. Da Manis ce aka yi wa haka, da na ci mutuncin mutum."

Ƙaninka, Tuak Jumadil, ya kawo shawara. Ko dai a sayar tun tana da daraja, ko a ba samarin unguwa su riƙa fita da ita. Ka ƙi duka biyun. Ka ce ka ga yadda samari ke taka mota, kuma abin da hannu da yawa ke taɓawa ba mai sanin ciwonsa. Ka ce kai da kanka za ka koya. Saparwadi ya gyara birki, ya kai ka filin ƙwallo. Rabin ƙauye ya fito kallo. Ka tashi lafiya ƙalau, har ka yi rabin zagaye. Da ka zo tsayawa sai ka manta da ƙafa, ka ƙanƙame sitiyari kana jan sa zuwa ƙirjinka kamar linzami, kana daka mata tsawa ta tsaya. Bishiyar ayabar gidan liman ce ta tsayar da ku. Ka sauko, ba ka duba goshinka da ya kumbura ba, sai da ka gama shafa gabanta kana ba ta haƙuri.

Da yamma ka same ni a kujerata da littafi. Ka tsaya kana kallona har na tsargu.

"Rani, wadda za ta iya kafe ido a kan takarda tun safe har rana ko ƙuda bai ɗauke mata hankali ba, ai za ta iya kafe ido a kan hanya."

Na ce, "Amak, ni? Ko keke ban iya ba."

"Madalla. Ba ki da mugun sabo ke nan."

Na nemi izinin Kak Sahdan ranar Juma'a. Ya fashe da dariya ya ce in na goge masa fenti da kuɗin sayen littattafai da nake tarawa a gwangwani zan biya.

Haka muka fara, a filin ƙwallon nan, lokacin rani, hayaƙin gasa taba ya cika gari. Saparwadi a gefena yana nuna mini giya, kai a baya ka harɗe hannu, don kada bakin mutane ya sami abin faɗa. Duk da haka ya samu. In na je rijiya sai mata su ce, "A ba direba hanya! Direba, yaushe za ki kai mu Makka?" Na dawo gida ina hawaye na ce na fasa. Ka ce, "Ki bar su. Ranar da naƙuda ta kama 'yar wata cikinsu, za ki ga wanda zai buga mana ƙofa." Kuma an buga.

Da Saparwadi ya gama nasa, sai ka dawo kujerar gaba ka ɗora naka. Ba ka san tuƙi ba, amma ka san yadda ake tausaya wa abin hawa. Kada in bar ƙafata a kan kuloci ina tafe. Kada in fizge ta da sanyin safiya, in bar ta ta miƙe jiki tukuna. In hango rami tun daga nesa in rage gudu, ba sai na zo bakinsa ba in danne birki. Kada in sa ta baya sai ta tsaya cak. In mun bi ta laka, a wanke mata ƙasa a ranar, don laka ce ke riƙe tsatsa. Duk lokacin da zan tashi, sai na ji ka ƙyasta harshe sau biyu, yadda ake yi wa doki, kuma ba ka san kana yi ba.

Muna da zagayenmu. Mu fita ta bayan masallaci, mu bi tsakanin gonakin shinkafa, mu kai bakin kasuwa inda tsofaffin abokanka masu keken doki ke ɗaga maka bulala suna cewa ga Alhaji da direbansa, mu juyo gida. A ƙaramar bas ka raka ni Selong aka yi mini lasisi, ka sa rigarka ta zuwa Idi. Amma babban titi na ƙi hawa. Manyan motocin da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa tsoro suke ba ni, ko a ƙafa nake. Ba ka matsa mini ba. Ka ce, "Ranarsa na zuwa."

Ranar Lahadin nan ka yi komai kamar kullum. Ka duba mai, ka duba ruwa, ka bi tayoyi, ka tayar da ita. Ana ruwa tun asuba. Wajen hantsi na ji kofi ya faɗi a tsakar gida, na ji ihun Inak. Na same ka dafe da ƙirji, gumi yana karyo maka. Mazan layinmu duk sun tafi ɗaurin aure wani ƙauye, motar asibitin gari ta fita da wani. Mata uku muka kinkime ka muka kwantar a kujerar tsakiya, kanka a cinyar Inak. Na murza makulli. Murzawa ɗaya ta tashi.

Na hau babban titi, Amak. Ban ma san lokacin da na hau ba. Manyan motoci suna wuce mu suna watso mana ruwa, robar nan da kake ɗagewa kullum tana share gilashi tas. Wani mai babur ya faɗo gabana, na taka birki, ta tsaya ba ta zame ba. Kusa da wata gada ruwa ya haye titi, na tsaya na rasa yadda zan yi. Sai na ji muryarka daga baya, da ƙyar take fita, idonka ma a rufe.

"Ya kai rabin taya?"

"Bai kai ba, Amak."

"Giya ta ɗaya. Kada ki saki totur. Tafi."

Ka ƙyasta harshe sau biyu. Muka ƙetare.

A ƙofar asibiti, ana ɗora ka a gadon turawa, ka kamo gefen mayafina. Na sunkuyo ina zaton wasiyya za ka ba ni a kan Inak ko a kan ɗanka. Ka ce, "Ta sha laka. Ki wanke mata ƙasa." Wannan ce maganarka ta ƙarshe da ni. Inak ta ce ta ƙarshe gaba ɗaya kalmar shahada ce, ka faɗe ta sarai, kuma wannan ne abin da muke riƙe da shi.

A littattafan da nake karantawa, wanda aka kai asibiti a kan lokaci tashi yake yi. Na zauna a barandar asibitin ina jiran abin da na saba gani a shafi na gaba. Likita ya fito ya sunkuyar da kai.

Kak Sahdan bai samu zuwa ba. Takardunsa suna hannun masu gonar, kafin a sake su an riga an rufe ka. Ya kira ya yi magana da Inak, ya yi magana da ni, kalmomi kaɗan, muryarsa kamar ta wani. Juma'a ta zo ya kira, ya tambayi masu zuwa zikiri, ya tambayi shinkafa ko ta isa. Bai tambayi motar ba. Ni kuma duk kwanakin nan ban taɓa ta ba. Saparwadi ne ya dawo da ita daga asibiti, aka lulluɓe ta da lakarta. Tsakar gida cike da baƙi, na ji nauyin a ji ƙarar inji a gidan makoki, kuma daga hannun suruka.

Jiya bayan an watse, Tuak Jumadil ya zaunar da mu. Ba da mugunta ya yi ba, Allah ya sani. Ya ce yanzu babu namiji a gidan, mota kuma wahala ce, akwai wani a garin Aikmel da ke son saye. Ya ce ya yi waya da Sahdan, ya ce masa, "Ku yi yadda kuka gani." Ya ƙara da cewa masu gonar sun yi masa tayin ƙarin shekaru, kuma kamar zai karɓa, tunda abin da zai dawo ya tarar ya ragu.

Ba wurin maganata ba ne. Amma na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Ku yi yadda kuka gani. Na san wannan maganar. Na ji ta a bakin matan nan da mazansu suka tafi ba su dawo ba.

Yau da asuba na idar da salla na zauna a kan darduma. Gari ya fara haske, layinmu shiru, ba ƙarar komai. Sai na tashi. Na yaye tamfol, na bubbuga murfin inji, mage ta fito tana hararata. Na ɗebo ruwa na durƙusa na wanke mata lakar da ka ce, ta riga ta bushe ta kama, sai da na sa ƙarfenka na share kofato. Na zaro sandar mai na ɗaga ta sama. Na leƙa ruwa. Na bi tayoyi da hannu. Ina cikin haka na ji motsi, na waiga, sai ga Inak ta fito da kofi, ta ajiye shi a bakin rumfa daidai inda kake zama, ta zauna kusa da shi tana kallona.

Na yi bismillah na murza. Ta yi tari ta mutu. Na sake. Ta kama.

Ba Juma'a ba ce, kuma ban saba kiransa ba sai shi ya kira. Na kira. Da ya ɗauka ban yi sallama ba, na kara wayar a jikin inji yadda kake yi, na riƙe har hannuna ya gaji. Da na mayar kunnena, numfashinsa kawai nake ji.

"Wa ya tayar da ita?"

"Ni ce, Kak."

"Kin duba mai?"

"Na duba. Ruwa ma. Na wanke mata ƙasa, shi ya ce in wanke."

Can ya ce, "Fanbel ɗin nan har yanzu yana," sai muryar ta karye. Tun da ka rasu ban ji ya yi kuka ba sai yau. Na bar shi ya yi, inji yana ɗumi a tsakaninmu. Da ya natsu ya ce, "Ki gaya wa Tuak ba ta sayarwa ba ce. Ba zan sa hannu a ƙarin ba. Bayan Ƙaramar Sallah ki zo filin jirgi ki ɗauke ni." Ya ja hanci ya ƙara da cewa, "Amma hanyar Praya ta zuwa filin jirgin akwai manyan motoci fa."

Na ce masa na hau babban titi, kuma na san wanda ya koya mini.

Na fita zagayenmu ni kaɗai. Bayan masallaci, tsakanin gonaki, bakin kasuwa. Abokanka masu keken doki sun hango koriyar mota sun fara ɗaga bulala, sai suka ga kujerar gefena ba kowa, suka sauke hannu. Wani dattijo cikinsu ya cire hularsa. Da sauran watanni kafin Sallah, Amak, kuma safiya tana da tsawo in babu mai zama a bakin rumfa. Amma za ta jira shi da ranta, kamar yadda ka yi alkawari. Na karɓi kiwon.

Ya Allah, ga bawanka Amak Sahdan ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ya tausaya wa dabba, ya riƙe amanar ɗansa, ya ga kewar baƙuwar yarinya a gidansa ya sama mata wurin zama ba tare da ya kunyata ta ba. Ka sa wannan a mizaninsa. Ka sauƙaƙa masa tambaya, ka ƙetarar da shi siraɗi lafiya, ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inak Sahdan, abokiyar zamansa da faɗansa, Allah ya sanyaya mata zuciya ya ba ta juriyar ɗakin da ya yi mata faɗi. Ga mijina Sahdan, da bai samu ya zuba wa mahaifinsa ƙasa ba, Allah ya ba shi haƙuri ya dawo mana da shi lafiya. Ga ƙanwarsa Sahnim da 'ya'yanta, ga Tuak Jumadil da iyalinsa, ga masu keken doki na kasuwar Masbagik, da duk wanda ya zo ya zauna da mu a kwanakin nan, Allah ya saka da alheri. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ka kwanta lafiya, Amak. Gobe da asuba za a ji ta a layinmu.

Surukarka,
Haerani